Suna da Mai Suna a Ma'aunin Injin Bincike

Duk shafin da ke intanet yana da adireshi, duk hoto ko takardar da aka ɗora kuma tana da sunan fayil. Adireshi kashi biyu ne a taƙaice. Akwai sunan gida, wanda ake yi wa rajista ana biyan kuɗinsa shekara-shekara, akwai kuma abin da ke biye da shi bayan karkatacciyar sanda, wanda ke nuna ɗakin da shafin yake a cikin gidan. Mai shafi ne ke raɗa duka biyun. Yana iya zuba lambobi da haruffan da ba su nufin komai, yana kuma iya sa kalmomin da ya san mutane na rubutawa idan suna cigiyar irin hajarsa, waɗanda ake kira kalmomin nema. Masu shafuka sun daɗe suna tambaya ko sa waɗannan kalmomi a adireshi yana ɗaga shafi zuwa saman jerin da Google ko Bing ke kawowa. Amsar da Google ke bayarwa a yau gajeriya ce: akwai tasiri, amma bai taka kara ya karya ba. Dalilin ƙanƙantar tasirin kuwa ya taɓo mas'alar da ta girmi kwamfuta da fiye da shekara dubu biyu, wato alaƙar suna da mai sunan, da iyakar yardar da ta kamata a ba suna.

Injin bincike na farko da suna kaɗai ya dogara. A shekarar 1990 wani ɗalibi a Jami'ar McGill da ke Montreal ta ƙasar Kanada, Alan Emtage, ya ƙera manhajar da aka kira Archie. Aikinta shi ne ta zaga kwamfutocin da ke ajiye fayiloli don amfanin jama'a, ta kwaso jerin sunayensu ta tara wuri ɗaya. Ba ta buɗe fayil ta ga abin da ke ciki. Wanda ya raɗa wa fayilinsa sunan da bai dace ba ya binne shi ke nan, ko da zinariya ce a ciki. Injunan da suka biyo baya, irin su AltaVista ta 1995, sun koyi karanta rubutun shafi gaba ɗaya, amma ba su yar da suna ba. A takardar da Sergey Brin da Larry Page suka wallafa a 1998 suna ɗalibai a Jami'ar Stanford, inda suka bayyana ginin Google na farko, sun ware kalmomin da suka zo a adireshi, da kanun shafi, da rubutun mahaɗi, suka ba su rukuni na musamman daban da kalmomin cikin jikin shafi. Mahaɗi shi ne rubutun nan da ake latsawa a wani shafi ya kai mutum wani. Tun daga wannan takarda an riga an sami sunaye iri biyu a kan ma'auni: wanda mai shafi ya raɗa wa kansa, da wanda sauran mutane ke kiransa da shi.

Tambayar ko suna yana ɗauke da gaskiyar abin da aka raɗa wa tsohuwa ce. Aflatun ya keɓe mata tattaunawa guda mai suna Kiratilus. A ciki Hamojinis yana cewa suna yarjejeniya ce kawai, duk abin da mutane suka amince su kira abu shi ne sunansa. Kiratilus kuwa yana ganin kowane abu yana da sunan da ya dace da ɗabi'arsa, wanda ya san sunan ya san abin. Sukuratu, na uku a tattaunawar, ya bi kowannensu ya nuna masa raunin maganarsa, ya kuma karkata ga cewa sanin abu ta hanyar abin kansa ya fi aminci a kan saninsa ta hanyar suna, domin mai raɗa sunan yana iya yin kuskure tun farko. Malaman Musulunci sun tattauna irin wannan a ƙarƙashin mas'alar asalin harshe. Ibn Faris, wanda ya rasu a 395 bayan hijira, ya tsaya a kan cewa harshe koyarwa ce daga Allah, yana kafa hujja da ayar Suratul Baƙara da ta ba da labarin koya wa Annabi Adamu sunaye. Abu Hashim al-Jubba'i na Mu'utazila ya ce mutane ne suka yi ittifaƙi a kansa. Ibn Jinni a littafinsa al-Khasa'is ya auna hujjojin biyu ya kasa sakin ɗaya. Can gefe kuma akwai Abbad ɗan Sulaimanu, wanda aka ruwaito yana ganin akwai dacewa ta ɗabi'a tsakanin sautin kalma da ma'anarta. Jumhur sun mayar masa da cewa da haka ne, da kowa ya fahimci kowane harshe ba tare da koyo ba, da kuma ba a sami kalma ɗaya mai ma'anoni biyu kishiyoyin juna ba.

Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira, ya buɗe littafinsa na sharhin kyawawan sunayen Allah, al-Maƙsadul Asna, da rarrabe abubuwa uku: suna, da mai suna, da raɗin sunan. Ya ce abu yana da samuwa a zahiri, da samuwa a cikin hankali, da samuwa a kan harshe, kuma waɗannan ba ɗaya ba ne. Malamai kan buga misali da wuta: mai furta sunanta harshensa ba ya ƙonewa. Wannan rarrabewa ta dace da adireshin intanet fiye da yadda ake zato, domin a nan raɗin suna aiki ne da ake gani da ido, yana da mai yinsa, yana da ranar yinsa, yana kuma da niyyar da ta sa aka yi shi.

Adireshi yana ɗauke da ayyuka biyu da sau da yawa ake cakuɗawa. Na farko nuni ne. Idan aka rubuta adireshi, tsarin sunayen gidaje da Paul Mockapetris ya tsara a 1983 yakan mayar da sunan gidan zuwa lambar kwamfutar da ke riƙe da shi, ita kuma ta miƙo shafin. A wannan aiki Hamojinis ne ke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Kowane bidiyon YouTube yana da suna mai haruffa da lambobi goma sha ɗaya da ba su gaya wa kowa komai, amma ba sa ɓatan hanya, kuma bidiyoyin na fitowa a saman sakamakon bincike. Nuni ba ya iya ƙarya. Ko dai ya kai mutum wurin, ko ya dawo da lambar nan 404 mai nufin ba a sami komai ba. Aiki na biyu bayani ne. Adireshin da ya ƙare da “farashin-masara-a-dawanau” ya yi magana a kan abin da ke ciki, magana kuwa tana iya zama gaskiya tana iya zama ƙarya. Kwamfutar da ke miƙo shafi ba ruwanta da wannan bayani. Mutum da injin bincike ne kawai ke sauraronsa, kuma duk mas'alar kalmomin nema a nan take.

Bayanin da ke cikin suna yana da wani rauni ko da an faɗe shi da gaskiya: yana tsufa. John Stuart Mill, a littafinsa na ilimin manɗiƙi na 1843, ya kawo misalin garin Dartmouth na Ingila, wanda sunansa ke nufin bakin kogin Dart. Ya ce da kogin zai sauya hanya ya nisanci garin, sunan ba zai canza ba, domin da zarar suna ya manne ya daina dogara da dalilin raɗa shi. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari ana kiransa sabo, Kasuwar Kurmi kuma ba wanda ke shigarta yana neman kurmi. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar CERN, ya rubuta gargaɗi a 1998 cewa adireshi nagari shi ne wanda ba ya canzawa, ya kuma ba da shawarar a rage cusa masa abubuwan da kan sauya, kamar rukunin da aka sa batun a ciki ko matsayin takardar. Wannan shawara tana ja da shawarar masu neman hawa saman jeri, waɗanda ke son adireshi ya faɗi komai. Mai shafin da ya canza adireshi don ya ƙara kalma ɗaya yana iya yanke duk mahaɗan da wasu suka yi masa a tsawon shekaru, sai in ya kafa umarnin juyawa na dindindin, mai lamba 301, wanda ke kai mai tsohon adireshi zuwa sabo. Shi ya sa ma'aikatan Google, cikinsu har da John Mueller, suka sha nanata cewa sauya adireshin da ya riga ya zauna saboda kalmomin nema kaɗai asara ce ta fi riba.

Da mutane suka gane cewa injin yana sauraron suna, sai suna ya zama haja. An yi wa sunan gida na farko mai ƙarewa da .com rajista a ranar 15 ga Maris 1985. Shekara goma sha huɗu bayan nan, a 1999, an sayar da business.com a kan dala miliyan 7.5. Wani ɓangare na wannan tsada daga mutanen da ke rubuta kalma kai tsaye a gurbin adireshi ya fito, wani kuma daga fifikon da injuna ke ba sunan da ya yi daidai da abin da aka nema. Daga nan aka shiga zamanin gidaje masu dogayen sunaye, kalma huɗu ko biyar a jere, kowace an tsinto ta daga bakin masu bincike: inshora mai arha, bashi cikin gaggawa, otal mafi kyau. Da yawansu fanko ne, ba komai ciki sai talla da rubutun da aka kwafo daga wani wuri. Irin wannan ya riga ya faru da wani gurbi na ɓoye a kan shafi, wanda aka tanada don mai shafi ya jera kalmomin da suka bayyana aikinsa. An cika shi da kalmomin da ba su da alaƙa da shafin har ya tashi daga aiki, kuma a Satumbar 2009 Google ya sanar a fili cewa ba ya duba wannan gurbi wajen jera sakamako. A ƙarshen Satumbar 2012 Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da shafukan bogi na kamfanin a lokacin, ya sanar da gyaran da ya rage darajar gidaje marasa inganci masu suna daidai da kalmar nema. Ya ce gyaran ya shafi kusan kashi 0.6 cikin ɗari na binciken Turanci a Amurka. Gidan da ke da suna irin wannan kuma yake da abin kirki a ciki ba shi aka nufa ba. Abin da aka cire shi ne ladan da suna ke samu shi kaɗai.

Hikimar wannan mataki a bayyane take ga duk wanda ya san zaman shari'a. Suna da'awa ce, mai ita ne ya yi ta, kuma ba ta ci masa komai ba sai kuɗin rajista. Ƙa'idar da fiƙihu ya gina a kan hadisi ita ce mai da'awa shi ke kawo hujja, domin da ana ba mutane abu saboda sun ce nasu ne kawai, da an cinye dukiyoyi da jinane. Malaman ƙa'idoji sun ƙara da cewa a cikin ƙulla ciniki manufa da ma'ana ake dubawa, lafazi yana biye. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutanen da za su sha giya suna kiranta da wani suna, malamai kuma suka fahimci cewa sauya suna ba ya sauya hukunci. Injiniyoyin Google ba daga waɗannan littattafai suka ɗauko darasinsu ba. Sun iso gare shi ne ta hanyar wahala, bayan sun ga cewa duk alamar da mai shafi ke iya ƙirƙira kyauta, ƙarshenta ta lalace a hannun masu haɗama, masu gaskiya kuma su yi asarar amfaninta tare da su. Wannan ɓangare na ƙarshe shi ne abin baƙin ciki a tarihin: maƙaryata ne suka rage darajar sunan mai gaskiya.

Ba a nufin suna ba shi da nauyi a addini. Annabi ya canza sunaye da dama, Ibn al-Ƙayyim kuma ya yi dogon bayani a Tuhfatul Maudud a kan yadda suna ke da alaƙa da mai shi. Bahaushe ma ya ce suna linzami ne. Sai dai akwai misali guda da ya fi kusa da wannan batu. Muslim ya ruwaito cewa Zainab 'yar Abu Salama sunanta na farko Barra, wato mai yawan biyayya da nagarta, aka canza shi saboda yana ɗauke da yabon kai, alhali Allah ne ya san masu nagarta. Sunan gidan da ke cewa shi ne mafi kyau ko mafi arha irin wannan yabon kai ne. Linzami yana jan mai sunan ne zuwa ga abin da aka yi masa fata. Bai zama shaida ga wanda ke tsaye a waje ba. Ana yanka rago ranar suna a kira yaro Aminu da fatan ya zama amintacce, amma ba ɗan kasuwar da zai ba shi kaya bashi bayan shekara talatin saboda ragon nan.

Abin da ɗan kasuwar zai tambaya shi ne yadda ake kiran Aminu a kasuwa. Laƙabin da jama'a suka liƙa wa mutum ya fi sunan yanka faɗin halinsa, don ba shi ya zaɓa ba. A kan wannan fahimta aka gina PageRank, lissafin da ya ɗaukaka Google a kan injunan da suka riga shi: kowane mahaɗi daga wani shafi shaida ce, shaidar shafin da shi ma ake yawan nunawa ta fi nauyi, kalmomin da aka rubuta a kan mahaɗin kuma su ne laƙabin. Akwai kama tsakanin wannan da yadda malaman hadisi ke auna mai ruwaya da maganar waɗanda su kansu aka amince da su, duk da cewa su adalci da kiyayewa suke aunawa, lissafin Google kuwa yawan nuni yake ƙirgawa. Bambancin ya fito fili a ƙarshen 2003, lokacin da wasu masu shafuka suka haɗa baki suka riƙa nuna tarihin Shugaba George W. Bush na shafin fadar White House da kalmomin Turanci biyu masu nufin mummunar gazawa. Shafin ya hau kan jeri a wannan nema alhali kalmomin ba sa cikinsa, ya kuma daɗe a haka har Janairun 2007 da aka gyara lissafin. Laƙabi ma ana iya ƙulla shi. Ana kuma iya sayensa, kamar yadda ake biyan maroƙi ya yi wa mutum kirarin da bai kai ba. Cinikin mahaɗai ya yi kama da abin da fiƙihu ke kira najashi, inda wanda ba shi da niyyar saye ke ƙara farashi don ya ruɗi mai saye na gaskiya. Gyaran Penguin da Google ya yi a Afrilun 2012 a kan wannan ya sauka.

Da sunan yanka da laƙabi duka suka nuna iyakarsu, sai injuna suka ƙara komawa ga abin da Sukuratu ya fifita, wato duba abin kansa. Gyaran Panda na Fabrairun 2011 ya auna ingancin rubutu. Hummingbird a 2013, da RankBrain a 2015, da BERT a 2019, kowanne ya ƙara wa injin ikon gane abin da jimla ke nufi maimakon ƙirga kalmomin da suka yi daidai. Gwargwadon yadda injin ke iya karanta ciki, gwargwadon haka buƙatarsa ga rubutun bakin ƙofa ke raguwa. Jagoran da Google ya wallafa don masu shafuka yanzu yana cewa kalmomin da ke cikin sunan gida ko hanyar adireshi da kyar suke da tasiri su kaɗai, bayan fitowar da suke yi a ɗan layin da ke nuna matsayin shafi a cikin gidansa. Inda suna ya fi amfani shi ne lokacin da injin ya fara cin karo da adireshi bai riga ya karanta shafin ba, da kuma lokacin da wani ya liƙa adireshin tsirara a rubutunsa, kalmomin ciki suka zama su ne rubutun mahaɗin.

A nan wata tambaya ta ɗabi'a ke tasowa, kuma ba ta da sauƙi kamar yadda take a ido. Injin ba shi da rai, ba shi da haƙƙi, ba a zaluntarsa. To wanda ya raɗa sunan da zai ruɗi injin, wa ya yaudara? Masu kare wannan sana'a kan ce wasa ne tsakaninsu da lissafi, kamfanin ya kafa dokokinsa su kuma suna neman ƙofa. Maganar ba ta tsayawa idan aka duba matsayin injin. Dillali ne tsakanin mai nema da mai kaya. Wanda ya ruɗi dillali don ya kawo masa mai saye, mai sayen ya ruɗa, ya kuma tare hanyar maƙwabcin da ke da kayan na gaskiya. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗaliban zaure suka sani sarai, ta jera abubuwan da ba su halatta a ciniki, cikinsu akwai algus, da yaudara, da ɓoye aibi, da gauraya mummuna da kyakkyawa. Asalin babin shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa Annabi ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tambaye shi dalilin da ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Adireshi da kanu su ne saman tari. Mai bincike su yake gani kafin ya latsa, kuma lokacinsa da kuɗin datarsa yake biya kafin ya taɓa ciki.

Hadisin bai hana gyara kaya ba. Mai tumatir da ya wanke hajarsa ya kasa ta da kyau bai yi laifi ba, matuƙar na ƙasa irin na sama ne. Haka mai shafin da ya bincika kalmar da mutane suka fi amfani da ita, ya ga sun fi cewa “maganin sauro” a kan wani dogon suna na likitanci, ya sa ta a adireshin shafin da ke magana a kan maganin sauro da gaske. Wannan ya sauƙaƙa wa mai nema ne, kuma aiki ne mai kyau. Iyakar tana wurin dacewar suna da abin da ke ciki, ba wurin son a gan ka ba. Ƙarshen wancan gefe kuwa ya wuce algus ya kai ga sata. A Mayun 2000 ƙwayar cutar kwamfuta da aka sani da ILOVEYOU ta bazu daga Filifin zuwa miliyoyin kwamfutoci ta hanyar fayil mai sunan wasiƙar soyayya. Sunan ya ƙare da .TXT.vbs, Windows kuma yana ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai mutane suka ga kamar rubutu ne kawai alhali umarni ne mai ɓarna. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya nuna cewa ana iya yi wa suna rajista da haruffan Sirilik masu kama da na boko har wasu manhajojin shiga intanet su nuna shi tamkar apple.com. A duka biyun ba a taɓa komai ba sai suna.

Sunan fayil ɗin hoto yana da ɗan matsayi na dabam. Lokacin da Google ya buɗe binciken hotuna a Yulin 2001, injin ba ya ganin abin da ke cikin hoto, don haka ya dogara da shaidun da ke kewaye: rubutun da ke kusa, da bayanin madadin hoto, da sunan fayil. Kyamara da waya kan raɗa suna irin IMG_0023, wanda nuni ne tsantsa. Jagoran Google har yanzu yana ba da shawarar gajeren suna mai bayani, yana kuma cewa alamar da ake samu daga gare shi mai rauni ce ƙwarai. Bayanin madadin hoto ya fi shi nauyi, kuma asalinsa ba don injin aka yi shi ba. An yi shi ne don makaho, wanda manhaja ke karanta masa shafi da murya, da wanda hoton ya ƙi buɗe masa. Wanda ya cusa tarin kalmomin nema a wannan gurbi ya ɗauki abin da aka ajiye wa makaho ya yi talla da shi, makahon kuma zai zauna yana sauraron jerin kalmomin da ba su gaya masa abin da ke cikin hoton ba.

Yadda ake raba kalmomi a suna shi ma yana da tarihi. Adireshi ba ya karɓar fili tsakanin kalmomi, in an bar shi sai ya koma %20. Google yana ba da shawarar karan-ɗori a kan layin ƙasa, domin tun farko ya ɗauki karan-ɗori a matsayin mai raba kalmomi, layin ƙasa kuwa mai haɗa su, saboda masu rubuta manhaja na amfani da shi a cikin sunaye guda da suke son a nemo a dunƙule. Wikipedia da layin ƙasa take raba kalmomin adireshinta, kuma hakan bai hana ta zama a saman jeri ba, abin da ke nuna girman wannan ƙa'ida daidai gwargwado.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin matsala. Ƙa'idar adireshi ta 1994 haruffan Turanci da lambobi da 'yan alamomi kaɗai ta sani. Haruffa masu lanƙwasa sai an sauya musu kama: ƙ tana komawa %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Manhajojin zamani kan nuna harafin daidai a gurbin adireshi, amma da an kwafe shi zuwa saƙo sai ya warware ya zama dogon jerin alamomi. Saboda haka yawancin masu shafukan Hausa kan zubar da lanƙwasar, kamar yadda yawancin masu nema ke rubutawa ba tare da ita ba. Sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata, ƙafa ta zama kafa, ƙarya ta zama karya. Fayil mai suna “kasa.jpg” yana iya zama hoton taswira, ko na turɓaya, ko na macijiya, ko na kayan miya da aka kasa a bakin hanya. Mai karatu Bahaushe yana warware irin wannan ne daga jimlar da kalmar ta zauna a ciki, injin ma daga rubutun shafin yake warware ta. Google yana ƙarfafa a sa kalmomin harshen masu karatu a adireshi, ko da haruffan asali ko da waɗanda suka fi kusa da su, kuma duka hanyoyin biyu suna aiki. Wanda ya zubar da lanƙwasa a adireshi ya kiyaye ta a kanu da jikin rubutu, sannan ya ƙara kalma ta biyu a sunan fayil, “taswirar-kasa” ko “tukunyar-kasa”, ya ba injin da mutum abin da zai ishe su gane wace ƙasa ake nufi.